Ranar da Na Kashe Fitilar Zobe

Na san da yawanku kun ga bidiyon ranar Alhamis, don tun daga lokacin wayata ba ta huta ba. Masu tambaya a fili, masu lallaɓowa ta bayan fage, har da wadda ta turo min sunan wani mai da ta ce ya yi wa ƙanwar mijinta aiki. Na gode, 'yar'uwa, amma ki riƙe manki. Ku gyara zama in ba ku labarin da bakina, don in kuka bari Gwaggona ta riga ni, sai ta ƙara masa hannu da ƙafa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai koyar da saƙar kwarashi a waya. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar bidiyo a ɗan ɗakin da ke bayan kicin ɗinmu, inda a da Umma ke jibge tsofaffin katifu. Na share shi, na shafa masa fenti ruwan toka, na kafa katako uku a bango na jera ulu kala-kala. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, da wata 'yar taga da ba ta kallon komai sai katangar maƙwabta. Sai fitilar zobe, zagayayyar nan da ake maƙala waya a tsakiyarta, tana haska ni gaba da gaba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba. A kumatuna na hagu, daga ƙasan kunne zuwa haɓa, akwai tabon ƙuna. Ina 'yar shekara huɗu tafasasshen ruwa ya zubo min daga butar lantarki. Fatar wurin ta ɗan tattare, kamar yadin da aka wanke ba a goge ba. A layinmu ba mai ɗaga kai ya kalla, an saba. Ku ne ba ku sani ba, don in na shafa hoda mai kauri na murɗa fitilar zobe har ƙarshe, hasken sai ya share komai, fuska ta fito sumul kamar faranti. Ban zauna na tsara ɓoyewa ba. Bidiyon farko ya fito a haka, aka yaba, ni kuma na ji daɗin yabon na ci gaba.

Matsalar ita ce, yadda fitilar ke shafe tabona haka take shafe saƙar.

"Malama, ba ma ganin inda kika soka kwarashin."

"Malama, wannan ulun ja ne ko ruwan goro?"

Kullum sai na amsa irin waɗannan. Wanda ya tsaya min a rai shi ne saƙon murya da wata ɗaliba ta turo, mai tsohon ciki. Sau huɗu tana warware rigar jaririn da take saƙawa, don ta kasa gane layin da na nuna. Tana magana tana jan hanci. Na kalli bidiyon da idon baƙo, wallahi ni kaina da na yi saƙar ban ga komai ba sai wani farin abu a hannuna. A ranar na yanke cewa fitila za ta canza.

To, a daidai wannan makon ne kuma maganar Likita ta taso.

Gwaggo in tana ba da labarinsa a nan take tsayawa, "likita ne." Ba ta ƙarasawa. Na dabbobi ne. Ni a wayata Likitan Awaki na sa masa. Yayarsa ɗalibata ce, a wayarta ya fara ganina. Ya yi min magana wai yana son hular sanyi ta 'yar yayar tasa, aka gama hula, hira ba ta ƙare ba. Wata uku muna rubutu. Yana aiki a wani gari mai nisa, tafiyar awa biyar, bai taɓa ganina ido da ido ba. Mutum ne da zai turo maka hoton ɗan maraƙin da ya kwana biyu bai tsaya da ƙafarsa ba, ya rubuta a ƙasa, "Ya tashi. Ke fa, kin ci abinci?"

Sau uku ina rubuta masa maganar tabon, sau uku ina gogewa. Ku zage ni, na yarda.

Yayarsa ta nemi lambar Gwaggo, yayar Abbanmu, aka tsayar da ranar Asabar za su zo su gaida gida. Tun daga nan Gwaggo ta tare a falonmu. Ta zo da leshi ruwan zuma, da mayafi mai kauri, da tsari cikakke.

"A kujerar lungu za ki zauna, hagunki na kallon bango. A sauke labule. Mayafin ki jawo shi nan, ki riƙe da hannu kamar mai jin kunya."

"Gwaggo, har yaushe zan riƙe?"

"Har zuciya ta kama. In ta kama, ko ƙaho ne da ke ba zai gani ba."

Na kalli Umma ko za ta ce wani abu. Tana ninke leshin, ta ninke ta warware ta sake ninkewa. Ba ta ɗago ba.

Ranar Talata da hantsi na jefa rigar jaririn da nake saƙawa a jaka, na nufi layin masu kayan hoto. Shago na farko yaron ciniki bai tambaye ni komai ba, mai shagon ma haka, ya nuna min wata fitilar zobe da ta fi tawa girma ya ce duk 'yan mata ita suke ɗauka. Na ce na gode. Shago na uku na tarar da wani dattijo mai farin gemu yana goge gilashin kyamara da ɗan ƙyalle. Baba Mai Hoto ake ce masa; ya ce shekara talatin ya yi yana ɗaukar taro kafin gwiwa ta zaunar da shi.

"Fitila nake so, Baba, ta bidiyo. Mai ci ba yankewa, ba mai walƙiya ba."

"Me kike ɗauka? Fuska ko hannu?"

"Duka biyun. Amma hannun ya fi."

"Ɗakin naki taku nawa ne?"

"Huɗu a uku."

"Taga?"

"Akwai, amma sunanta kawai taga."

Ya yi dariya, ya ce in ciro abin da nake yi. Na shimfiɗa rigar a kan kantarsa, ulu ruwan hoda, na kafa wayata yadda nake kafawa a gida. Ya fara kunna fitilar zobe daga gaba. Rigar ta zama kamar takarda.

"Kin gani? Hasken da ya zo daga inda ido yake, ba ya barin inuwa. In babu inuwa, babu tudu babu kwari."

Ya kashe ta, ya kunna wata mai faɗi kamar allo, tsirara ba mayafi, ya ajiye ta a gefe. Saƙar ta fito, amma inuwar yatsuna ta faɗi baƙi ƙirin a kai, ulun kuma yana ƙyalli yana soka ido. Na girgiza kai. Ya jawo wata ƙatuwa mai nauyi, ya kunna. Haske kamar rana. Na ce ya dakata, na kasa kunne. Akwai 'yar fanka a cikinta tana huci.

"Wannan ba za ta yi ba, Baba. Abin ɗaukar muryata a kan tebur yake, duk hucin nan zai kwasa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ashe da kunne kika zo, ba da ido kaɗai ba. Madalla."

Akwai wata 'yar ƙarama kyakkyawa da ta burge ni, na nuna. Ya kunna ta ya ce in duba wayata. Wasu layuka ne ke ta gudu a kan hoton daga sama zuwa ƙasa, alhali ido bai ga komai ba. Ya ce duk fitilar da zan ɗauka in fara gwada ta da wayar da zan yi aiki da ita, kar in yarda da idona.

Sai ya ɗauko wadda na zo nema ban sani ba. Fitila ce guda a cikin wani abu kamar lema, an rufe bakinsa da farin yadi. Ya ɗaga ta sama da kaina kaɗan, ya kawo ta gefen hagu, ya karkato ta ƙasa. Jama'a! Kowane ɗauri na saƙar ya tashi ya tsaya da kansa. Ana ganin inda kwarashi ya shiga, ana ganin inda ya fito. Ya murɗa wani maɓalli a bayanta, hasken ya tashi daga ja-ja irin na yamma zuwa fari irin na tsakar rana, ya tsayar a tsakiya. Ya ce in ciro ulu ja da ruwan goro in haɗa su. Ja ya zama ja, ruwan goro ya zama ruwan goro.

Daɗi ya kama ni, na sunkuya cikin hoton don in gyara rigar. A nan na ga fuskata.

Hodar na nan, amma ba ta hana komai ba. Duk tattarar fatar ta fito, layi-layi, yadda nake ganinta a madubin banɗaki da safe. Na tsaya cak.

Baba ya gani. Bai kawar da kai ba, bai kuma yi min irin kallon tausayin nan da na tsana ba.

"'Yata, abin da ya fito da saƙar shi ya fito da wannan. In kina so, ki mayar da fitilar dama, hagun ya faɗa inuwa."

Muka gwada. Fuskar ta ɓuya, amma da hannun dama nake riƙe kwarashi, sai inuwar hannuna ta rufe daidai wurin da nake son a gani. Muka ɗaga ta, muka sauke ta, muka ja ta baya. Ba ta canza ba. Ko dai a ga aikin a ga ni, ko a rasa mu duka.

A raina na ce, shekara biyu kina koyar da mata abin da ba sa gani, don kawai a ce miki kyakkyawa.

"A mayar da ita hagu, Baba. Ita zan ɗauka."

Na haɗa da wata ƙarama mai batir da zan haska katakon ulu da ita, in wuta ta ɗauke kuma ta rufa min asiri in ƙarasa. Na tambayi ta uku don gefen dama, ya ce ba na bukata, in nemi farin kwali in jingina, zai mayar min da hasken a hankali. Ya ɗaure min ƙafar fitilar da igiya, ya ce in na kafa ta in ɗora wani abu mai nauyi a gindinta don kar iska ko gwiwar hannu ta kayar.

Ina cikin mota saƙon Likita ya shigo.

"Yau shiru. Ulu ya cinye ki?"

"Na je sayen fitila."

"Ta dā ta mutu?"

"Ba ta mutu ba. Ƙarya take yi."

Ya turo fuskar dariya. Bai gane ba, ni kuma ban ƙara ba.

Ranar Laraba na kafa komai. Lemar a hagu, kwali a dama, ƙaramar a bayana. Na wanke fuska, na shafa mai kawai, na sa doguwar riga shuɗiya da ɗankwali fari na ɗaure shi baya. Na ɗauki minti biyu na gwaji. Ina cikin kallo Gwaggo ta turo ƙofa, ta leƙa ta kafaɗata. Salatin da ta saka sai da ya fito da Umma daga kicin da ludayi a hannu.

"Wannan za ki saka duniya ta gani? Kwana uku kafin mutane su zo? Ke wace irin yarinya ce da ba ta son kanta da arziki?"

"Gwaggo, ranar Asabar ma da wannan fuskar zan fito."

"Ki bari Asabar ɗin ta wuce! Wa ya ce ki yi ƙarya? Cewa aka yi ki yi shiru."

"Wata uku ina shiru. Ya isa."

Ta juya kan Umma. "Ke ba za ki yi magana ba? 'Yarki ce fa."

Umma ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Auta, ki ji maganar Gwaggonki. Kwana uku ne."

Gwaggo ta figi jakarta ta koma falo tana ta faɗa ita kaɗai. Umma ta juya za ta bi ta, na riƙo hannunta.

"Umma, zauna min a kujerar nan in daidaita hasken. Minti ɗaya."

Ba hasken nake son daidaitawa ba, ita ma ta sani. Ta zauna, ta ɗora ludayin a cinya. Na durƙusa a gabanta, fitilar na haska mu tare. Ban taɓa lura ba sai ranar: Umma in tana min magana, gefen damana take kallo. Shekara ashirin da biyu.

"Kalle ni nan," na ce, na juya mata hagun.

Ta kalla.

"Ni na ajiye butar a bakin tebur," ta ce. "Na ce bari in ɗauko kofi. Kofi kawai."

"Ni kuma na ja wayar butar. Umma, ni ban taɓa riƙe ki ba. Ba ya min ciwo, ba ya hana ni cin abinci, bai hana ni iya abin da na iya ba. In kika ce in ɓoye shi, ji nake kamar ke ce ba kya son ganina."

Ta ɗago hannu a hankali ta ɗora a kan tabon. Tafinta da ɗumin kicin. Ta shafa daga kunne zuwa haɓa, ta sake shafawa. Muka yi kukanmu mai isarmu, har ƙaurin girki ya tashe ta da gudu.

Alhamis da safe na ɗauki darasin rigar jaririn daga farko. Ban yi wani dogon bayani ba. Na ce, "Na canza fitila don ku riƙa ganin aikin sosai. Za ku ga ni ma sosai. Wannan ƙuna ce tun ina yarinya. To, ku ɗauko kwarashi mai lamba uku." Kafin in saka shi, na tura wa Likita.

"Ka kalla kafin kowa. Da tuni ya kamata in faɗa maka, ban faɗa ba, laifina ne. In ka fasa zuwa ba zan ga baƙinka ba."

Alamar cewa ya buɗe saƙon ta fito. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. Daga nan shiru.

Na saka bidiyon. Kafin azahar mai tsohon ciki ta turo hoton layi shida da ta saƙa ba kuskure ko ɗaya, da saƙon murya tana ta shewa. Na ji daɗi har cikin raina, amma ba zan yi muku ƙarya ba, duk bayan minti biyar sai na leƙa sunan Likitan Awaki. Ba komai.

Juma'a da hantsi yayarsa ta kira Gwaggo. Wai wani uzuri ya taso, a ɗage zuwan Asabar, za su sake sa rana. Gwaggo ta ajiye wayar a hannun kujera kamar ta ajiye gawa.

"To, ga shi nan. Hankalinki ya kwanta? Yaro mai sana'a, mai natsuwa, kin kore shi da fitila."

Na buɗe baki, Umma ta riga ni.

"Yaya, in wannan ne ya kore su, gara da suka tsaya a gidansu. 'Yata ba ta da abin ɓoyewa. A mayar wa mai shago mayafin nan."

Gwaggo ta saki baki tana kallonta. Tunda aka kawo Umma gidan nan ba ta taɓa mayar mata da magana ba. Ni kuwa na shige ɗakina na kunna fitila na ci gaba da hannun riga. Zuciyata na min zafi, amma ban ajiye kwarashin ba.

Wajen ƙarfe huɗu wayar ta yi ƙara a kan tebur.

"Jiya ina cikin garke, saniya ta kasa haihuwa, hannuna bai fita ba sai yamma. Na rubuta amsa sau biyar ba wadda ta yi min. Maganar ba ta waya ba ce. Ina ƙofar gidanku."

Na karanta sau biyu. Na miƙe. Gwangwanin hoda na kan taga, na dube shi na wuce. Na yafa ƙaramin mayafina a kafaɗa, na ratsa falo. Gwaggo ta ce, "Ina za ki a haka?" Na ce, "Baƙo na yi."

Rana na nan da sauranta, tana dukan ƙofar gidan sosai. Na zare sakata. Dogo ne fiye da yadda na zata, rigarsa duk ta yamutse da zaman mota, takalminsa da busasshen taɓo. Na tsaya a inda hasken ya fi ƙarfi, na ba shi hagun.

Ya kalla. Bai yi sauri ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

"Ina wuni," ya ce.

"Lafiya lau. Ka gama kallo?"

"Ban gama ba. In an ba ni kujera zan ci gaba. Amma akwai faɗan da zan yi miki tukuna, na wata ukun nan."

"Na shirya masa."

Murmushi ya fara, sai ƙofar motar da ke bayansa ta buɗe. Wata mata ta sauko, doguwa kamarsa, fuskarta a ɗaure tamau, ta rungume jaka a ƙirji. Ba sai an faɗa min ba.

"Yaya ce," ya ce a hankali. "Na biya na ɗauko ta. Ta ce tana da magana, kuma ba da ni za ta yi ba, da ke."

Ta tako har gabana, ta dube ni daga ɗankwali zuwa silifa, ba ta amsa gaisuwata ba. Na ji motsin Umma ta zo ta tsaya a bayana, kafaɗarta na taɓa tawa.

Na tura ƙofar ta buɗe gaba ɗaya.

"Bismillah, Yaya," na ce. "Ku shigo. Umma, a ɗage labulen falo."